Daga Kan Dutse Zuwa Bakin Teku Bisa Basukur

Mai kula da shafukan Hausa na wannan mujalla ya tsare ni a bakin ɗakin cin abinci har sau uku, wai lalle sai in rubuta labarin tafiyar da na yi bisa basukur cikin hutun Kirsimeti na 2023. To, ga shi na rubuta. Amma kafin mu kama hanya dole in faɗi abin da ya tashe ni, ko da ya ke abin kunya ne, gama in na ɓoye shi sauran labarin ba shi da kai.

Kun tuna lokacin da aka rarraba mu ƙauyuka domin gwajin koyarwa. Ni aka tura ni wata firamare a nan kan dutse, aka ba ni aji biyar. Ran da malaminmu ya zo duba aikina, darasin Labarin Ƙasa ne, a kan teku. Na shirya ƙwarai da gaske. Na zana taswirar Nijeriya a allo, na shafe gindinta da shuɗin alli, na gaya wa yara ruwan teku yana da gishiri, yana cika yana janyewa sau biyu a yini da kwana saboda jan wata, kuma da rana iska takan taso daga teku ta nufo tudu. Malam yana zaune a baya yana gyaɗa kai. Sai wata 'yar yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai ka taɓa ganinsa?"

Jama'a, ruwan da ya fi kowane girma da na taɓa gani a lokacin shi ne tafkunan nan da masu haƙar kuza suka bar mana. Amma ga mai ba da maki a baya, ga idanun yara arba'in a kaina. Sai na ji bakina ya ce, "Na gani mana." Ta ce, "Yaya ƙararsa ta ke?" Na ce, "Kamar ruwan sama bisa rufin kwano." Ta rubuta a littafinta. Rubutun nan da ta yi shi ya fi damuna. Aka ba ni maki mai kyau, na karɓa, amma kowane dare in na kwanta sai in ga hannun yarinyar nan yana rubuta ƙaryata da tawada.

Akwai abokina a ɗakin kwananmu wanda duk kuka sani, wanda mu ke kira Ɗan Obudu. Shi kaɗai na gaya wa. Da ya gama dariya sai ya ce in bi shi gida da hutu, daga garinsu mu gangara har teku a kan keke, tun da kuɗin mota na yawo babu, ƙafafu kuwa muna da su. Shi yana da keken gwanjo mai giya. Ni ba ni da kome sai in roƙi na Baba.

Basukur ɗin Baba baƙin Raleigh ne mai birkin ƙarfe, giya ɗaya tak, ya girme ni nesa. Shi ya ke kai buhunan dankali kasuwa, a kan kariyarsa kuma aka fara kai ni makarantar mishan ina kuka. Ba a aronsa, ko kawuna bai taɓa samu ba. Na durƙusa na faɗi buƙatata, har da dalilin. Baba ya yi shiru ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ƙaryar da aka yi wa yaro bashi ce. Ɗauka. Amma abu biyu: kada ka yi tafiyar dare, kada kuma ka bar shi ya kwana a jiƙe." Ya ƙara da cewa daga Jos zuwa Obudu a mota za mu tafi, domin hanyar ba ta da lafiyar da mutum biyu za su bi ta a keke. Haka aka yi. Aka ɗaure kekunan a bisa mota, muka bi ta Lafiya, muka ƙetare Binuwai a Makurɗi, inda na leƙa ta taga na ce wa raina in wannan kogi ne kawai, to, na shiga uku da tekun, sa'an nan Gboko, sai Obudu.

Ɗan Obudu ya ce ba za mu fara gangara ba sai mun hau inda ya fi ko'ina tsawo a ƙasarsu, watau dutsen nan da wani Bature mutumin Sikotland ya kafa gandun shanu a kansa a 1951, saboda sanyin wurin ya hana ƙudan tsando zama. Daga garin Obudu zuwa can kusan kilomita 60 ne, amma kilomita 11 na ƙarshe su ne magana, gama hanyar ta naɗe jikin dutsen da kwana 22. Na yi masa alfahari na ce ni ɗan dutse ne, a kan tudu aka yanke mini cibiya. Ashe ban san abin da na ke faɗi ba. Tuddanmu na gida gajeru ne, ka miƙe bisa feda ka cije, kafin numfashi ya ƙare ka kai. Wannan kuwa hawa ɗaya ne wanda ba ya sauka. A kwana na uku na diro, daga nan har sama ni na tura basukur, ba shi ya ɗauke ni ba. Abokina ya sa ƙaramar giya yana tafe a hankali kamar hawainiya, in ya kai kwana sai ya tsaya ya jira ni, ya ce, "Sannu ɗan dutse."

A sama kuwa sai na ga kamar gida na komo. Kurmi ya ƙare, sai ciyawa da iska da hazo mai ratsa riga. Wurin ya haura mita 1,500 bisa teku, ya ɗara Jos. Littafi ya ce kowace mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Na sha rubuta wannan a jarrabawa, amma ran nan ne na hau da gumi na kwana da bargo biyu.

Saukowar ita ce abin tsoro, kuma ina roƙon duk wanda zai bi hanyar nan bayana ya ji wannan da kyau. Birkin ƙarfe ba a yi shi domin irin wannan gangara ba. In ka matse shi ka riƙe, robar tana cin gefen ƙafar keken har ƙarfen ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, sai ka ji ƙauri, daga nan birkin ya fara santsi. Dabarar ita ce ka kama na baya ka saki, ka kama na gaba ka saki, ka rage gudu tun kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba, bayan kowace kwana uku ko huɗu kuma ka tsaya ƙarfe ya huce. Abokina ya koya mini wani abu kuma, ya ce kada in dubi kwarin, in dubi inda na ke so in bi, gama keke inda ido ya tafi nan ya ke bi. Sau ɗaya na saɓa, na leƙa ramin nan, sai ga ni a bakin ciyawa ƙafa ɗaya tana lilo. Ban sāke ba.

Daga Obudu muka fuskanci kudu ta ƙasar Boki zuwa Ikom, kwana biyu. A ganina nan ne hanyar ta fi daɗi duka. Iskar hunturu tana bayanmu tana tura mu, motoci kaɗan, ga duwatsun Afi cike da kurmi, inda aka ce har yanzu akwai sauran goggon biri. Itatuwa dogaye sun rufe sama, mutane sun shanya koko a bakin kwalta, warinsa mai tsami yana bin ka, ayaba kuwa sai ka ce kyauta. Ƙasar ba ta da shimfiɗa ko kaɗan, hawa da sauka ne kamar haƙoran zarto. Mai giya ɗaya ba shi da wata dabara sai ya tara gudu a gangara domin ya biya rabin hawan da ke gaba. Amma a gindin kowace gangara akwai rafi, a kan rafin akwai ƙaramar gada, a bakin gadar kuwa sau da yawa akwai rami yana jiranka. Sai mutum ya zaɓa, ko ya ceci gudunsa ko ya ceci tayarsa.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne gumi. A gida in ka wanke riga da hunturu, kafin ka gama cin tuwo ta bushe. A can na wanke da yamma, da safe na same ta kamar yanzu aka matse. Iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar naka, saboda haka gumin ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa. Tilas muka sāke tsari, mu tashi da asuba da zarar an ga hanya, mu tsaya wajen ƙarfe 11, mu kwanta a inuwa har la'asar, sa'an nan mu ƙara kaɗan mu nemi masauki tun rana ba ta faɗi ba. Wajen kilomita 50 zuwa 60 mu ke yi a yini. Kowane dare kuma ina goge basukur da tsumma kafin in wanke nawa jikin.

Daga Ikom zuwa Kalaba fiye da kilomita 200 ne, ta Ugep da Akamkpa, muka yi kwana huɗu. Ba zan yaba wa wannan hanya ba. Babbar hanya ce ta manyan motoci, kuma daga wajen Akamkpa, inda a ke fasa dutse, sai ka yi ta gamuwa da masu ɗaukar tsakuwa. Direban babbar mota ba ya lissafa mai keke cikin masu hanya. In ka ji ƙaho a bayanka ba gaisuwa ba ce, ka sauka kawai. A wata gangara na sauka da sauri na faɗa kan tsakuwa mai kaifi, tayar baya ta fashe, gwiwata ta ɗaye. Muka tura har wani ƙauye inda muka sami wani tsoho mai faci. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin yarensa, sai Turancin kasuwa ya haɗa mu. Ya juya basukur ɗin, ya shafa sirdin, ya buga ƙararrawar ya saurara, sa'an nan ya ce irinsa ubansa ya ke hawa ya kai manja kasuwa. Ya yi facin, ya miƙe mini waya biyu da suka lanƙwashe, na miƙa kuɗi ya ture hannuna. Matarsa ta ƙara mana da gasasshiyar agada da manja. Na lura tun daga Boki, mai keke ba baƙo ba ne sosai a ƙauye. Mai mota wucewa ya ke yi a bar shi da kallo, mai keke kuwa an ga guminsa, sai a ba shi kujera.

Muka shiga Kalaba ta cikin gonakin roba, zuciyata tana bugawa, ina cewa yau zan biya bashi. Muka wuce makarantar Hope Waddell da aka kafa a 1895, muka gangara bakin ruwa. Ga ruwa kam mai faɗi, ga jirage, amma ga kurmi a ƙetare ina hangensa sarai. Na ce a raina, ashe tekun ke nan? Da dare muka je Bogobiri, unguwar Hausawa, domin cin tsire, kunnena kuma ya sha Hausa bayan kwana da kwanaki. Na ba wani dattijo mai sayar da goro labari, sai ya yi murmushi ya ce, "Samari, ai ba ka iso ba tukuna. Wannan kogi ne. Sai ka shiga jirgi ka ƙetare zuwa Oron, ka bi ta Eket, ka tambayi Ibeno." Na ce, "Baba, yaya ya ke, tekun?" Ya ce, "Shekara talatin ina garin nan ban je ba. Me a ke sayarwa a can?" Na ji kunya ta sāke kama ni, gama ga mutum ya ce bai gani ba, ko gezau, kuma ba abin da ya ragu a jikinsa.

Da safe muka sa kekuna a jirgi. Muka ratsa ta cikin wasu itatuwa masu tsayuwa a ruwa bisa saiwoyinsu, kamar mutanen da suka tattare riga za su ƙetare rafi. Daga Oron ƙasa ta kwanta shimfiɗe, sai kwakwa da rogo da gidaje ba iyaka. Na ce wa abokina yau ranar hutu ce, ba tudu ba kwari, mai giya da marar giya sun zama ɗaya. Har tsakar rana haka ne. Amma da muka bar Eket muka fuskanci Ibeno, sai na ji feda ta yi nauyi kamar an ɗora mini buhun dankali. Na sauka na duba taya, lafiya lau. Na duba birki, bai kama ba. Ashe iska ce, iskar nan da na koya wa aji biyar da bakina: rana ta gasa ƙasa, ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta yi sama, ta teku mai sanyi ta kwararo ta cike gurbin. Mu kuwa gaba da gaba muka yi da ita. Ni dai na fi son tudu. Tudu kana ganinsa tun daga nesa, ka san inda ya ƙare, in ka hau kuma ya biya ka da gangara. Iska ba a ganinta, ba ta da ƙoli, kuma ba ta biyan bashi. In ka daina taka feda ko na ƙiftawar ido, tsayawa za ka yi cik.

Kunne ya riga ido. Tun muna cikin gari na fara jin wani gurnani can ƙasa ƙasa, na zaci injin ne. Muka bi wata 'yar hanya ta rairayi, muka fito daga cikin itatuwan kwakwa, sai ga shi.

Ban iya kwatanta shi ba, kuma na daina kwatanta abin da ya fi ƙarfina. Abin da zan ce kawai, babu ƙetare. Ido ya tafi ya tafi ya rasa inda zai sauka. Amma ƙarar na saurare ta da kyau, tun da ita aka tambaye ni. Ba ta yi kama da ruwan sama bisa kwano ko kaɗan ba. Ruwan sama yana zuba ne bai ɗaya, shi kuwa teku numfashi ya ke yi. Sai ya tattaro ya faɗi da nauyi kamar an juye motar tsakuwa daga nesa, sa'an nan ya ja da baya da wani sauti kamar mata suna sheƙar acca, sai ɗan shiru, sai kuma ya sāke. Na ɗebo da hannu na kurɓa, na tofar. An ce kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, na kuwa gaskata. A nan bakin kogin Qua Iboe ne Samuel Bill ya sauka a 1887 ya fara aikin mishan, na tuna an koya mana sunan wurin muna yara, ban taɓa zaton ƙasa ce da a ke takawa ba. Can cikin ruwa kuma ga harshen wutar masu haƙar mai yana ci da rana tsaka.

Sai abokina ya gano cewa rairayin da ruwa ya janye ya bari yana da tauri kamar daɓe. Muka hau. Kai, jama'a! Duk tafiyar nan ban sami hanya irin wannan ba, ba rami, ba mota, ba ƙaho, sai ƙaguwa suna gudu a gabanmu. Muka yi ta kai da kawowa kamar yara. Da muka gaji muka kwantar da kekuna a nan, muka tafi wajen masunta da ke jan taru, muka kama musu igiya, suka gasa mana kifi. Hira ta yi daɗi, na manta da kome.

Wani yaro ne ya zo da gudu yana ihu yana nuna bayanmu. Ruwa ya dawo. Ni da na tsaya gaban allo na ce teku yana cika sau biyu a yini da kwana, ni ne na kwantar da basukur ɗin Baba a inda ya janye. Na iske igiyar ruwa tana hawa kansa tana sauka, rairayi ya cika sarƙa, ƙaho ɗaya kaɗai ke waje. Muka jawo shi, na wanke shi da ruwan rijiya guga shida, na sayi baƙin mai wurin wani mai gyaran babur na shafe ko'ina, na goge har dare. Bai kwana a jiƙe ba. Amma gishiri ya riga ya shiga inda tsumma ba ya kaiwa. Na cika kwalba ɗaya da ruwan tekun, muka komo a mota, kafin mu iso Jos sarƙa da wayoyi sun yi ja.

Baba ya zagaya shi sau biyu bai ce kome ba. Ya murza feda da hannu ya saurari kukan da ta ke yi. Na faɗa masa yadda aka yi, ban rage ba. Ya ce, "Ka gan shi dai?" Na ce, "Na gani, Baba." Ya ce, "To. Sarƙa da wayoyi suna kanka, albashin fari." Har yau bashin yana nan.

Da aka koma makaranta cikin Janairu na 2024, na hau shi haka nan yana ƙara na tafi ƙauyen nan. Hedimasta ya ba ni minti goma da aji biyar. Na tsaya na ce musu ran nan ƙarya na yi, ban taɓa ganin teku ba sai yanzu, kowa ya buɗe littafinsa ya soke maganar ruwan sama bisa kwano. Ajin ya yi tsit, ina ji ba su taɓa jin malami ya faɗi haka ba. Na kwatanta musu ƙarar da bakina, suka yi dariya. Sa'an nan na zagaya da kwalbar, kowa ya tsoma yatsa ya lasa yana yamutsa fuska.

Da na zo kan yarinyar nan ta lasa, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, wa ya sani ko gishiri ka zuba a ruwan rijiya?"

Ajin ya fashe. Ni kuwa ban ga laifinta ba. Na ce su biyo ni waje, na nuna musu basukur a gindin mangwaro. Ta durƙusa ta shafa sarƙar, ta dubi jan da ya kama yatsanta, ta shinshina. Ta ɗaga kai ta ce, "Daga nan kwana nawa ne a keke?"

Na buɗe baki zan faɗi wani adadi, sai na rufe. Na ce mata daga Obudu dai kwana bakwai muka yi, ban da hawan dutse, amma daga nan zuwa Obudu a mota na tafi, sai ta auna a taswira ta gaya mini. Ta koma aji da gudu neman zare da rula, hedimasta kuwa ya buga ƙararrawar tashi.